Ranar Da Man Kaɗe Ya Ci Amanata

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina kaf (ya ma fara, shekaranjiya na kira jikata Halima da sunan tunkiyar gidan). Ranar ce na kwanta rubda-ciki a filin wata firamare a nan Lafia, jikina sharkaf da man kaɗe, wata 'yar sanda da ba ta kai 'yata ta uku shekaru ba ta riƙe mini hannu ta baya kamar fiffiken zakaran da za a yanka, ga jama'a a ƙarƙashin rumfa suna shan zoɓo suna kallo. In ka ji labarin a kasuwa, gishiri suke ƙara masa. Ga na ainihi nan daga bakin mai shi.

Amma fara sanin wanda ke maka magana. Boko na yi, kada wani ya raina ni: aji huɗu na gama, na leƙa na biyar ta taga, na ga malamin bai yi mini ba, na juyo. Ina karanta rubutun jikin mota, kuma da biro nake sa hannu, ba dangwale ba. Sai dai babban digirina a fagen kokawa na same shi. A zamaninmu, in an gama girbi aka kafa ganga, daga Kwandere har Agyaragu babu wanda bai san Kututture ba. To ni ne. Dokar kokawa kuwa guda ce, yaran yanzu ba su sani ba: hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kayar da kai, magana ta ƙare. Ko hularka ce ta faɗi, ba ka sunkuyawa sai an tashi. Ni kuwa har na yi ritaya tafin hannuna bai san zafin ƙasar fage ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Da ƙarfi ya fara yi mini sallama, sai 'yan kasuwar doya ta wajenmu, Bukan Sidi, suka naɗa ni shugaban 'yan sintiri. Yunifom, baret, usur a wuya, ga suna: Baba Kwamanda. Ba wani abin duniya ake samu ba. Amma ka san daɗin tsoho ya tashi da safe yana da inda ake jiransa? Sa'o'ina duk suna gindin mangwaro, suna korar ƙuda suna gardamar siyasa har azahar. Ni kuwa in na busa usur, ko mai baro sai ya ja birki. Na sani sarai, ranar da aka karɓe yunifom ɗin nan, gindin mangwaro ne makomata. Har ɓangaren bencin da za su matsa mini na sani.

To ga yadda abin ya faro. Wata ranar kasuwa wani ɗan sari ya kurma ihu, “Wayata! Ga shi can, mai malafa!” Na juya na ga bayan mutum yana tafiya. Ban tsaya tambaya ba. Na cafko hannunsa na murɗe shi baya, na danna fuskarsa a kan wani buhu. Sai da malafar ta faɗi na gane Buba ne, wani Bafulatani da ke zaune da shanunsa ta wajen Kwandere. Abokin wasana ne ma, ni Babarbare, shi Bafulatani. Duk ranar kasuwa sai ya ce, “Bawana, an tashi lafiya?” ni kuma in ce ya je ya yi wanka tukuna kafin ya gaida manya.

A nan ya kamata in sake shi. Amma jama'a sun riga sun taru, ana “Sai Kututture! Sai Baba Kwamanda!” Kirari kuwa, ka sani, giya ce da ba a sayarwa a kwalba. Buba bakinsa na cikin buhu, ba halin magana. Ɗaya hannun nasa kawai nake ji yana bugun cinyata, faf, faf, faf. Na ce, “Au, har da duka?” Na ƙara murɗawa. Sai na ji ƙas.

Wayar kuwa tana aljihun ciki na mai ita. Ita ce ta yi ƙara da kanta ta tona masa asiri.

Mai ɗori ya mayar da kafaɗar, amma hannun bai sake ɗaguwa yadda yake da ba. Ka san yadda Bafulatani ke gitta sanda a bayan wuya, ya rataye hannuwansa biyu yana bin shanu? Buba ya daina. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ya daina tsokanata. In mun haɗu sai ya ce, “Ina kwana, Malam,” da ladabinsa, ya wuce. Wallahi gara zagi.

Ardon su Buba ya kai ƙara. A gari irin namu da kullum ake lallaɓa zaman manoma da makiyaya, ƙaramar magana ba ta daɗewa tana ƙarama. Ogan 'yan sanda na yankinmu ya tara mu, ya ce daga yau babu ɗan sintirin da zai sake taɓa ɗan mutane sai ya koyi kamu. Tirenin na sati biyu, jarrabawa a ƙarshe. Mai satifiket ya ci gaba da aiki, marar shi ya ninke yunifom ya ajiye a kan tebur. Yana faɗa yana kallona. Ni kuma na juya na kalli mataimakina Tarhemba, don a raba kallon gida biyu. (Tarhemba Tibi ne, manomin doya, ƙato kamar rumbu, shekara da shekaru muna tare. Shi bai yi komai ba, tsayuwa kusa da ni ce laifinsa.)

Ranar farko muka jeru a filin makaranta, ina jiran in ga wani ƙaton ɗan sandan mobayil ya diro daga mota. Sai ga wata 'yar siririya ta fito daga keke napep da jaka a kafaɗa. Sajan Rifkatu. Aka ce ta yi judo, wato kokawar Japan, har ta ci baƙar ɗamara. A wajenmu baƙar ɗamara alamar an daɗe ba a wanke ta ba ce, amma na yi shiru saboda zaman lafiya.

“Ba duka zan koya muku ba,” in ji ta. “Duka kun iya, shi ya kawo ku nan. Zan koya muku yadda ake riƙe mutum ya kasa gudu, ya kasa dukanku, kuma a kai shi ofis da ƙasusuwansa yadda uwarsa ta haife shi.”

Gaskiya ɗaya ce, yarinyar ta san aikinta. Ta nuna mana inda ake kama wuyan hannu, yadda ake dafa gwiwar hannu a juya mutum ya bi da kansa, yadda ake sauke shi ƙasa a hankali ba a doka shi ba. Ba a hawa wuya, ba a hawa gadon baya. Ka sa ankwa, ka zaunar da shi ya yi numfashi. Ina ta gyaɗa kai irin na masani ya haɗu da masaniya. Sai ta zo kan abin da ta kira doka ta farko.

“In an riƙe ka ka ji zafi, ka bugi ƙasa sau biyu da tafin hannu. Wanda ya riƙe ka kuma ya sassauta nan take, ba sai ya yi shawara ba. Kowa zai yi kamu, kowa kuma za a kama shi. Wanda bai san yadda riƙo yake a jikinsa ba, ba zan damƙa masa hannun ɗan wani ba.”

Na ɗaga yatsa kamar ɗan aji huɗu. “Sajan, 'yata, a bugi ƙasa da me?”

“Da hannu, Baba.”

“Hannun mutum na kansa?”

“To da na wa?”

“A gaban jama'a?”

Aka kwashe da dariya. Na yi mata bayani a natse, na kawo mata tarihi, na ambaci Kwandere da Agyaragu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Baba, nan ba fagen kokawa ba ne. Ba wanda ake kayarwa.”

Na ce, “Haka mai kayarwa ke faɗa kullum.”

A ranar na ƙulla abu biyu a raina: satifiket sai na karɓa, hannuna kuma ba zai taɓa ƙasa ba. Yadda za a yi su haɗu, na bar wa Allah da dabarata.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Ni ke fara zuwa, ni ke ƙarshen tafiya. A gida na kama taɓarya na juya ta na sauke ta ƙasa a hankali ya fi a ƙirga. Na kama itacen ayaba na bayan gida har ya karkace. Wata rana na ce wa uwargidana, Hajiya Asabe, ta ara mini hannunta in gwada sau ɗaya. Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba, ta ce, “Malam, wanda ka ara na ƙarshe, ka mayar wa mai shi?” Na koma wajen ayaba.

Kamu dai na iya shi, har Sajan ta taɓa cewa a kalli Baba. Amma da an ce a juya, wanda ya kama yanzu shi za a kama, sai gwiwata ta motsa. Ko in tuna alwalata ta karye. Ko in kara waya a kunne in ce, “Eh, ina jinka, wane ɓarawo kuma?” alhali ko caji babu a cikinta. Sati biyu cur ina zillewa, ina ganin na fi kowa wayo a Jihar Nasarawa.

Ranar Laraba, jajiberin jarrabawa, Tarhemba ya ja ni gefe. “Kwamanda, Sajan ya ce gobe shi da kansa zai kama ka.” (A bakin Tarhemba kowa “shi” ne, har matarsa.) “Ya ce duk ƙaryan gwiwa naka, yana cikin littafi. Kuma Oga zai zo, Ardo zai zo, shugaban manoma zai zo, matan kasuwa, kowa da kowa. Kawai ka buga ƙasa ɗin, Kwamanda. Ƙasa ba ya cizo.”

Na ce, “Kai manomi ne, kai da ƙasa 'yan uwa ne. Ni da ita gaisuwa kawai muke yi.”

Ina tafiya gida ina juya maganar, sai wata tsohuwar dabara ta faɗo mini. A zamaninmu akwai masu shafe jiki da mai kafin su shiga fage, abokin karawa ya kama ka ya ji kamar ya kama tarwaɗa. Na yi lissafi: in ba ta iya riƙe ni ba, ba za ta kai ni ƙasa ba. In ba ta kai ni ƙasa ba, babu maganar bugun ƙasa. Oga zai miƙe ya ce, “Wannan ya fi ƙarfin jarrabawa, ku ba shi takardarsa.” Ka ga lissafin aji huɗu, ba kuskure ko ɗaya.

Safiyar Alhamis, Hajiya na madafa, na ɗauko gwangwanin man kaɗen da take shafa wa gwiwoyinta. Daga kafaɗa har yatsu, wuya, ƙeya, ƙirji, har bayan kunne don kada a ce na bar ƙofa. Na buɗe tsohuwar akwati na ciro guruna na zamanin kokawa, wanda aka ce mini mai ɗaure da shi ba ya kamuwa, na ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin riga. Na sa yunifom na fito.

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa. “Malam, wannan ƙyalli fa? Jarrabawa za ka ko ɗaurin aure?”

“Hasken ilmi ne,” na ce, na yi waje kafin ta leƙa gwangwani.

Fili ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga lasifika, ga wata babbar roba ta zoɓo a gaban teburin Oga. Ardo na zaune kusa da shugaban manoma. A bayan Ardo na hango Buba, sandarsa kwance a kan cinya. Na kau da kai.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne jawabai. Oga ya yi, shugaban kasuwa ya yi, wani da ba a gayyata ba ma ya yi. Muna tsaye a layi har rana ta zo tsakar ka, ranar Lafia kuwa ba sai na gabatar maka da ita ba. Mai ya narke. Na ji yana gangarowa ta tsakiyar bayana kamar ana tsiyayar da manja. Yunifom ta canja launi. Ƙudajen da ke kan zoɓo suka yi shawara suka dawo kaina gaba ɗaya. Tarhemba yana ta shinshina iska, yana cewa, “Wa ke soya abu a nan?”

Can Sajan ta karɓi lasifika. “Baba Kwamanda, kai ne shugaba, kai za ka buɗe mana. Zagaye na farko, kamu. Tarhemba ne mai laifi. Kama shi ka sa masa ankwa.”

Jama'a, sai a lokacin na tuna jarrabawar fuska biyu gare ta. Duk hankalina ya tafi kan yadda ba za a kama ni ba, na manta sam ni ma sai na kama wani. Da waɗanne hannuwa? Da waɗannan da na yi wa wanka da mai har ƙarƙashin farce.

Amma Kututture ba ya ja da baya. Na taka yadda aka koya mana, na ce, “Tsaya, an kama ka!” Na cafki wuyan hannunsa. Sulluɓ! Na sake cafka. Sulluɓ! Tarhemba, Allah ya saka masa, tsaye yake ƙyam, har miƙo mini hannun yake yi kamar mai jiran allura. Yana raɗa, “Kwamanda, kama mana! Ni ban gudu ba!” To amma yanzu shi ma hannunsa ya sha mai. Na dafa gwiwar hannu, ta kuɓce. Na rungume shi gaba ɗaya, na zame har ƙugunsa kamar mai saukowa daga bishiyar gwanda. Dariya ta fara daga ɓangaren matan kasuwa tana yaɗuwa.

Na ce to bari in tsallake zuwa ankwa, ko ita ta rufa mini asiri. Na zaro ta, na matsa da ƙarfi don in buɗe. Ka taɓa matsa jiƙaƙƙen sabulu? Haka ta fice daga hannuna. Ta yi sama tana walƙiya, kowa ya bi ta da ido, ta sauka tsundum a cikin robar zoɓo. Oga ya sunkuya ya dubi gaban rigarsa. Ni ma na duba. Kamar an yi masa ado da jan fenti.

Sajan ta matso. Ta goga yatsa ɗaya a damtsena, ta kai hanci. Yaron da ta miƙa wa lasifika kuwa, Allah ya isa, yana biye da ita.

“Man kaɗe,” in ji ta, fili duk ya ji. “Baba, na girki ne ko na shafawa?”

Wata daga cikin matan kasuwa ta ɗaga murya, “Na gwiwar Hajiya Asabe ne! Ni na kawo mata!”

Har Ardo, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da ya rufe baki da rawani.

“To, mu je zagaye na biyu,” in ji Sajan. “Yanzu kai ne mai laifi.”

Sai na ji sanyi a raina. Na ce yauwa, nan ne mai zai rama mini. Na buɗe ƙafafu, na sunkuya, na yi wa kaina kirari a zuci. Zo ki kama tarwaɗa, 'yar Japan.

Ko fatata ba ta taɓa ba. Da hannu ɗaya ta damƙi hannun rigata, ɗayan ta kai ƙuguna ta ji wani abu mai kauri a ƙarƙashin riga, ta riƙe gam. Guru! Abin da na ɗaura don kada in kamu, shi ya zama mariƙi, kamar hannun bokiti. Ta juya ƙugunta kaɗan. Na ga rumfa ta koma sama, sama ta koma ƙasa. Kuma ba ta doka ni ba, nan ne cin mutuncin yake. A hankali ta ajiye ni, kamar mai ajiye tiren ƙwai. Na mirgina sau ɗaya, jar ƙasar filin nan ta haɗu da mai, na fito sak tsiren da aka tsoma a ƙuli. Kafin in gane gabas, ina rubda-ciki, hannuna na dama yana bayana a naɗe cikin rigar.

“Buga ƙasa, Baba.”

Sai na ɗaga hannun hagu sama, na dunƙule shi.

Ka hango hoton da kyau. Ciki a ƙasa. Gwiwoyi biyu a ƙasa. Gemu a ƙasa, hanci a ƙasa. A dokar kokawa an kayar da ni sau biyar a lokaci guda. Amma kaina ya kafe a kan tafin hannun nan, yana can sama yana rawa kamar tutar 'yan siyasa, wai ni ban faɗi ba.

“Baba,” in ji ta a hankali, ni kaɗai nake ji, “ba zan ƙara ba, ba kuma zan saki ba. Ni sai ƙarfe huɗu nake tashi aiki.”

Tarhemba na ihu, “Buga, Kwamanda! Ƙasa ba ya cizo!”

Da na kwanta shiru, da ba abin da zai same ni, riƙon ba zafi. Amma tsohon ɗan kokawa ne, sai na tattara ƙarfi na yunƙura in miƙe da ita a bayana. Ashe irin wannan riƙo, kai ke murɗa kanka. Wani zafi ya tashi daga kafaɗa ya tsaga har ƙwaƙwalwa, kamar an soka mini jan ƙarfe. Na buɗe baki in ce “sake ni”, ƙasa ta cika shi. Murya ta ƙi fita. Ban aiki hannun nan na hagu ba, wallahi shi ya aiki kansa. Ya sauko yana lalube, ya sami ƙafar Sajan, ya buga. Faf, faf.

Kafin na biyu ya gama sauka ta sake ni. Ta juyo da ni, ta zaunar da ni, ta ce, “Numfasa, Baba. Numfasa.”

Ana ta dariya ana tafi, ni ina tofar da ƙasa. Sai wata murya ta ratso daga rumfa.

“Biyu kacal?”

Buba ne, ya miƙe tsaye.

“Babarbare, biyu ka yi aka sake ka. Ni nawa na yi maka?”

Dariya ta ɗauke kamar an kashe janareto.

“Bakwai na ƙirga,” in ji shi. “Daga nan na daina ƙirga.”

To ka ji ainihin kunyar. Zoɓo da ankwa da ƙudaje duk wasan yara ne. Ina zaune a ƙasa, kafaɗata na zugi, na dubi hannun nan nawa na hagu, sai na ji faf, faf, faf ɗin nan a cinyata kamar yanzu ake yi. Ashe ba duka yake yi ba. Magana yake yi mini da bakin da ya rage masa, ni kuwa kirari ya toshe mini kunne. Wata da watanni ina gaya wa kaina ai shi ma ya kai mini hannu.

Aka ci gaba da jarrabawa, kowa ya kama, kowa aka kama shi, kowa ya bugi ƙasa ya tashi ya kakkaɓe wando, ba wanda ya mutu. Aka kira sunaye aka raba satifiket. Ban da nawa. Oga ya dube ni, ya nuna tebur da biro, wato in ajiye yunifom.

Gindin mangwaro ya gifta mini a ido, har da bencin. Na ce a'a, ba yau ba. Na tashi, ƙasa na zuba daga jikina, na je gaban teburin ban cire baret ba.

“Ranka ya daɗe, na faɗi, ban musa ba. Sajan, 'yata, kin yi gaskiya, ni na yi taurin kai. A ba ni sati ɗaya. In na sake faɗuwa, da hannuna zan ninke yunifom, har guga zan yi mata.”

Oga ya dubi Sajan. Sajan ta ce ita sati ɗaya ba zai gagare ta ba. Ya dubi jan tabon rigarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen Ardo. Ardo ya ce, “Ba ni aka karya ba. A tambayi mai kafaɗa.”

Buba ya ƙare mini kallo tun daga baret har takalmi. Ni kuwa ban iya haɗa ido da shi ba.

“A ba shi,” in ji shi. “Amma a wanke shi tukuna, kada ƙuda su cinye mini bawa.”

Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Kafin in bar filin, na durƙusa a gaban kowa, na shimfiɗa tafin hannuna na bugi ƙasa sau biyu. Na jira in ji ko duniya za ta tashi. Ba abin da ya faru. Ƙasa ce kawai, da ɗan zafin rana. Tarhemba ya ce, “Ya cije ka?” Na ce ya rufe mini baki.

Satin nan ni ne mai laifin kowa. Duk wanda ke son gwaji, a kaina yake yi. Na bugi ƙasar filin nan har ta san ni, in na iso kamar ta ce sannu da zuwa. Ranar Talata na hau mashin na je rugar su Buba na ba shi haƙuri yadda ya kamata, ba a tsaye ba. Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo mini fura da nono. Da zai miƙo mini ƙwarya, da hagu ya miƙo, ya ce in yi haƙuri. Yafiya ba ta mayar da kafaɗa, wannan kuma kayana ne har kabari.

Alhamis ta zagayo. Sajan ta shinshina hannuwana biyu kafin a fara, ta kuma sa na ɗaga riga a ga ƙugu. Na kama Tarhemba tsaf, na sauke shi kamar ƙwai, ya buga, na saki tun kafin ya yi na biyu. Ta kama ni, na buga. (Ta ce na yi sauri, ba ta ma gama riƙewa ba. Na ce riga-kafi ne.) Satifiket na nan rataye a ɗakina, sama da akwatin da guru ke ciki, don ya riƙa ganin wanda ya gaje shi.

Sunan Kututture dai ya mutu a filin nan. Yanzu matan kasuwa Baba Tsire suke ce mini, ina amsawa, tunda da yunifom nake amsawa. Hajiya kuma ta saya wa man gwiwarta kwado. In na kama mutum a kasuwa, ko ana ta kirari, kunnena ba ya wajen jama'a, yana wajen ɗaya hannun nasa.

Darasin da na samu, kyauta na ba ka: wanda bai taɓa kwanciya a ƙasa an riƙe shi ba, kada a ba shi ankwa. In kuma ka nace sai ka yi wayo, to ka fara tambaya, kai za ka kama ko kai za a kama, kafin ka taɓa gwangwanin matarka.